Hular Haƙorin Atiku

Atiku bai taɓa zuwa Makka ba, amma shekara biyu ke nan duk garinsu Maikujera Alhaji ake ce masa. Haƙori ne ya jawo masa sunan.

Manomi ne, ya ba hamsin baya. Da damina gero da dawa, da rani kuma ya gangara fadama ya shuka albasa. Wata rana yana tayar da injin ban ruwa igiya ta ƙwace, mariƙin ya dawo ya same shi a baki, ya karya masa haƙorin sama na kusa da fiƙa, ya bar ɗan guntu. Wani mai gyaran haƙori da ke bin kasuwanni ya ɗora masa hula ta farin ƙarfe a kan guntun. Sau uku tana faɗuwa. Ta farko a cikin tuwo, ta biyu yana kurkure baki wurin alwala, ta uku kuwa a fadama, ya yi ta laluben laka bai gan ta ba.

Matarsa Sabuwa ce ta matsa masa ya je asibiti a Wurno. A can ya sami likitar haƙori, Mashkura, wadda ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Ta duba, ta gurza guntun ta daidaita shi, ta cusa masa wani abu kamar ƙullu a baki ta ɗauki awo, ta aika Sakkwato aka zubo hular da narkakken ƙarfe. Da ta iso sai ga ta rawaya, tana ƙyalli.

"Ba zinari ba na, Baba," in ji ta. "Kalar ƙarhen ta hakanga."

Ta ɗauko wani abu kamar sirinji mai baki biyu ta nuna masa. Ta ce guntun haƙorinsa gajere ne, shi ya sa simintin da aka yi ta sa masa a baya bai sami wurin riƙewa ba. Wannan kuwa sabo ne, ba a shafa wa haƙori komai kafin a sa shi, shi da kansa yake kama haƙori ya kama ƙarfe. Ta matsa shi cikin hular, ta danna, ta ce ya cije auduga, ta haska masa wata 'yar fitila mai shuɗin haske, ta kankare abin da ya tsatso a gefe.

"Wanga dai ba ya hwaɗa maka cikin tuwo," ta ce tana dariya.

Bai faɗa ba kuwa. Atiku ya sha rake da shi, ya tauni goro da ƙashin kaza. In ya yi dariya a majalisa sai a ce, "Alhaji, yaushe ka sauka?" Tun yana cewa a bari har ya saba, kuma a ransa yana jin daɗi.

Sai aka sako Yari.

Yari maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Mutanen daji sun ɗauke shi a gonarsa tsakiyar damina, ya yi kwana talatin da bakwai a hannunsu. Da hantsi maza suka cika zaurensa ana yi masa barka. Yana zaune jingine da bango, ƙafafunsa a kumbure, wuyansa ya zama kamar kara. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara magana da kansa, a hankali, yana kallon tabarma.

"Ranar da sunka kai mu, jera mu sunka yi. Su dibi tahin hannunka, su ce buɗe baki. In hannunka na da kanta, sun san talaka na. In ko sunka ga haƙorin Makka, gehe guda za a kai ka. Akwai wani dattijo, ɗaya gare shi nan sama. Yay yi ta rantsuwa ɗiyanai sunka biya mai hajji, shi ba ya da ko akuya. Ba su yarda ba. Abin da sunka yanka mai, ko garinsu duka anka saida ba ya kai. Har nib baro wurin shina ɗaure ga icce."

Yana faɗin haka idonsa ya faɗa kan bakin Atiku, sai ya yi sauri ya kawar da kai. Mutum biyu ko uku ma sun waiga. Atiku ya ji leɓensa ya rufe da kansa. Ya yi addu'ar da kowa ya yi, ya tashi, bai san da wace ƙafa ya isa gida ba.

Daga ranar harshensa bai bar haƙorin nan ya huta ba. Yana salla yana taɓa shi, yana shirin barci yana taɓa shi. Ya daina dariya. In zai yi magana sai ya sunkuyar da kai, ya sa hannu a baki kamar mai tari. In ya ji ƙarar babur yana gona, kafin ya duba ko wane ne ya riga ya damtse baki. Abin da ya fi tsorata shi ma sunan ne. Kowa ya san akwai masu kai wa mutanen daji labarin gari, kuma ba a san ko su wa ne ba. Suna kuwa yana iya isa daji ba tare da mai shi ya je ba. Wata safiya wani abokinsa ya kira shi daga nesa, "Alhaji Atiku," a tsakiyar mutane, sai Atiku ya taso masa kamar zai doke shi. Abokin ya tsaya sororo.

Ya fara neman yadda zai cire hular. Ya sayi nakiya mai danƙo ya yi ta cizawa yana fizgewa. Ya tauna ƙaro. Ya sa farce, ya sa bakin cokali, ya sa ƙusa a ƙarƙashin gefen ya banƙara har dasashi ya yi jini. Ko motsi ba ta yi ba. Ya tuna waccan ta farin ƙarfe da tuwo ma ke cire ta, ya ji kamar ya yi kuka.

"Malam, ka tahi wurin wadda tas sa maka shi mana," in ji Sabuwa. "Ita tas san yadda taƙ ƙulla."

"Ta wace hanya? Wagga da anka tare jiya-jiya?"

"To ka kira ta."

Akwai lambar Mashkura a bayan katin asibiti. Kwana biyu yana hawa tudun bayan gari yana ɗaga waya sama, babu sabis. A rana ta uku aka ce an ga babura a ƙauyen da ke gabas da su. Bai ko gaya wa Sabuwa ba ya nufi maƙera.

Ismail maƙeri ya ƙi da farko. Ya ce shi lauje da gatari ya sani, bakin mutum ba aikinsa ba ne. Atiku ya roƙe shi da Allah da zumuncin iyayensu. Ya ce ai hula ce kawai aka kifa, kamar marfi a kan tulu, a kama a ja ne. Ismail ya ɗauko ƙaramin awartakinsa ya sa a wuta, ya tsoma a ruwa, ya zaunar da Atiku ƙasa ya jingina kansa da gwiwarsa.

Ja na farko awartakin ya zame. Na biyu ya kama, Ismail ya ja har Atiku ya taso daga ƙasa. Na uku ya haɗa da murɗawa. Atiku ya ji wani abu ya yi ƙas a can cikin kansa, ba a baki ba, kusa da hanci, sai duhu ya rufe masa ido. Da ya dawo hayyacinsa Ismail na yayyafa masa ruwa.

"Ta hita?" Atiku ya tambaya, bakinsa cike da jini.

"Tana nan. Wallahi ko lanƙwasa ba ta yi ba. Atiku, tashi ka tahi gida, ba ni ƙara taɓa ka."

Kafin kwana uku fuskarsa ta dama ta haye har idon ya kusa rufewa. Leɓen sama ya kumbura ya zazzago. Zazzaɓi ya kama shi, haƙora suka ƙi rabuwa, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Kunu Sabuwa ke ɗura masa da cokali ta gefen baki. Wani wari ya fara fita wanda shi kansa yana ji. Ranar Talata da safe ba ta nemi shawararsa ba, ta ɗauko masa riga da hula ta ce, "Ko hanya ta kashe ka ko bakinga shi kashe ka. Na hi son ka mutu kana neman magani." Ta raka shi har tasha, ta tsaya har motar ta cika.

Direban, Lukman, ɗan garinsu ne. "Alhaji, shiga baya ka jingina," ya ce. Atiku ya so ya hana shi, baki ya ƙi.

Kusa da shi wata mata ce mai kimanin shekarunsa, da ƙaton kwano ɗaure da ɗankwali a cinyarta. Kafin su fita gari ya san sunanta Bara'atu, ya san 'yarta Hassana ce ta haihu a Wurno, namiji, ranar Asabar suna, kuma abin da ke cikin kwanon yajin jego ne da ta kwana biyu tana daka. Mace ce mai surutu. Ta dubi fuskarsa ta ce, "Sannu Alhaji. Haƙori na? Ka sa kanumfari?" Ya gyaɗa kai. Ta ci gaba da ba shi labarin wani ƙanenta da ya yi irin wannan ciwo. Kowace magana sai ta sa Alhaji a ciki, kowane Alhaji kuma sai ya ji shi har cikin hanjinsa.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsawo ta rufe hanya dama da hagu, ba ka ganin komai sai kara da sama. Sun wuce Rabah da ɗan nisa, rana ta fara zafi, sai Lukman ya taka birki. Wani kututture ne kwance a tsakiyar hanya bayan wata kwana. Ya sa giyar baya, motar ta yi ƙara ta mutu. Cikin dawa aka fara fitowa.

Ba su yi harbi ba, ba su ma ɗaga murya sosai ba, kuma wannan ya fi komai ban tsoro. Su bakwai ne ko takwas, fuskokinsu a naɗe. Suka ce kowa ya fito. Suka jera su a gefen hanya a durƙushe, kamar dai yadda Yari ya faɗa. Atiku ya ji fitsari mai ɗumi na bin cinyarsa, bai iya tsayar da shi ba. Yana son ya yi salati, kalmomin suna tsayawa a bayan haƙoran da suka ƙi buɗewa.

Wani siriri, bindiga rataye a kafaɗa, ya fara daga ƙarshen layi. Ya juya tafin hannun mutum, ya duba wayarsa, ya ce ya buɗe baki. Mutum huɗu ne tsakaninsa da Atiku, sai uku, sai biyu. Atiku ba bindigar yake kallo ba, Lukman yake kallo ta wutsiyar ido, da matar nan. In ɗayansu ya buɗe baki ya ce Alhaji, shi ke nan.

Siririn ya iso. Ya kama hannun Atiku ya juya, ya murza kantar da babban yatsa, ya sake.

"Buɗe."

Atiku ya yi ƙoƙari. Da gaske ya yi, don tsoro ya sa ya manta abin da yake ɓoyewa. Muƙamuƙin bai motsa ba.

"Kurma na kai? Nic ce buɗe."

Ya dubi Bara'atu da ke durƙushe a gefe, kwanonta har yanzu a hannu. "Ke, mijinki na?"

"A'a," ta ce. Muryarta ta sauya, ta yi ƙasa. "Ban san shi ba. Wani bawan Allah na mara lahiya, asibiti za shi. Tun da munka taso bai iya magana ba."

Siririn ya damƙi fuskar Atiku da hannu ɗaya, ya matse kumatunsa don ya tilasta bakin. Yatsansa ya nutse cikin kumburin. Atiku ya ji kamar an soka masa ƙarfe mai zafi har ƙwaƙwalwa, sai wani abu ya fashe a ciki. Mugunya da jini suka kwararo ta tsakanin leɓɓansa, suka bi hannun mutumin. Warin ya tashi. Mutumin ya ja da baya yana yarfe hannu, yana goge shi a jikin kara, yana zagi. Kumburarren leɓen bai ɗaga ba ko kaɗan.

"Bar wanga," wani ya ce daga baya. "Ba ya kai daji. Mutuwa za shi yi muna ga hanya."

Aka sa ƙafa aka ture shi, ya kife a cikin ciyawa. Daga nan kwance ya ga sauran. Suka ware mutum biyar, har da Lukman, har da Bara'atu. Wani ya karɓe kwanon ya buɗe, ya ga yaji ne, ya watsar. Ta tsaya tana kallon jan garin a kan ƙasa har aka tura ta gaba. Ba ta waigo ba. Dawa ta rufe su, can aka ji babura sun tashi.

Su uku aka bari, shi da wata tsohuwa da wani gurgu. Atiku bai ɗaga kai ba har sai da wata motar 'yan sa-kai ta zo, rana ta kusa tsaka, aka ɗauke su.

Mashkura ba ta gane shi ba sai da ta ga katin. Ta yi masa allura, ta wanke wurin, ta sa aka ɗauki hoton haƙorin, aka ba shi gado. Kwana biyu bai ce uffan ba, ko da bakin ya fara buɗewa. In an turo ƙofa sai ya zabura. A rana ta uku ta zo da hoton ta ɗaga shi wajen taga, ta nuna masa wani siririn layi baƙi da ya ratsa saiwar daga sama har ƙasa.

"Mi anka sa mai, Baba?"

"Awartaki," ya ce, yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya ba ta labarin duka, tun daga zauren Yari.

Ba ta yi masa faɗa ba.

"Simintin bai saki ba, saiwar ta tsage," ta ce. "Irin wanga ba a hidda shi da ƙarhi. Da ka zaka, inji za ni sa in yanka hular gida biyu in ɓare ta, haƙorinka na nan lahiya lau. Yanzu sai dai a cire shi duka." Ta ajiye hoton. "Kai na ukku cikin watanga da yaz zaka a hidda mai rawaya. Da ina karatu, abin da anka koya muna shi na yadda za ta riƙe. Ba wanda yac ce wata rana mutum za shi zaka shina roƙon a raba shi da ita."

Da kumburin ya saɓe ta cire haƙorin. Saiwar ta fito gida biyu. Hular kuwa tana nan daram a kan guntun, da 'yar ƙujewar awartaki a gefe ɗaya. Mashkura ta sa wani ƙarfe ta gwada banƙarar ta, don ta gani da idonta, ta girgiza kai ta jefa a kwanon ƙarfe.

Ranar da aka sallame shi bai nufi tasha ba. Ya shiga gari yana tambaya, wane gida aka yi haihuwar namiji, mai jegon sunanta Hassana, uwarta daga wajen Rabah take. Sai bayan azahar ya samu. An yi sunan ranar Asabar ba taro, an raɗa wa yaro Mujaheed. Mijin ya shigar da shi zaure, Hassana ta tsaya a bayan labule da jaririn a kafaɗa.

Atiku ya gaya musu abin da ya gani. Ya ce ba su doke ta ba a gabansa. Ya ce da ƙafarta ta tafi, kuma da takalmi a ƙafarta. Ya faɗi abin da ta ce da aka tambaye ta game da shi.

"Baba, ta ci abinci kahin ku taso?" Hassana ta tambaya daga bayan labulen.

"Ban sani ba, ɗiyata."

Washegari ya zauna a tasha tun safe. Mota ta farko ta cika ta tashi yana kallo. Ta biyu har ya sa ƙafa ɗaya ya fasa. Sai da ya ga wadda za ta bi bayan motar jami'an tsaro sannan ya shiga, kuma har suka isa idonsa a rufe yake, hannunsa riƙe da kujerar gaba.

Bai jira dawarsa ta gama bushewa ba ya yanke ta. Ya kwashe Sabuwa da yara suka koma Goronyo wurin ƙanensa, aka ba shi aron 'yar fadama a ƙasan dam ya dasa albasa. Mijin Hassana ya karɓi lambarsa, ya yi alkawarin zai kira in an ji wani abu. Atiku ya riƙa kai wayar caji kullum, abin da bai saba yi ba.

A mako na bakwai kiran ya zo, yana tsaye cikin ruwa har idon sawu. An sako Bara'atu da mutum biyu. Tana asibiti ana ƙara mata ruwa, ba ta magana sosai, amma ta gane kowa, ta kuma ɗauki jikanta.

"Lukman hwa? Direban?" Atiku ya tambaya.

Mijin Hassana ya ce ta ce an raba su tun kwana na huɗu, aka yi arewa da shi, ba ta ƙara ganinsa ba. Uwar Lukman tana Maikujera, kuma ba ta da waya. Atiku ya fito daga ruwan ya zauna a kan kunya, yana tunanin wa zai aika ya gaya mata.